Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Saita Kyamara da Hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

A taronmu na bara mun yanke shawarar cewa duk wanda zai fita ɗaukar hoto da sunan ƙungiya sai ya juya kyamararsa zuwa harafin M, ya saita ta da hannunsa. Kusan duk ayyukan bana a kan wannan suka tafi.

Watannin farko a aji muka yi su, kan abubuwa ukun nan: buɗin ƙofar haske, saurin shota (tsawon lokacin da haske ke shiga), da ISO (ƙarfin jin haske na kyamara). Abin da ya fi ba sababbi wahala shi ne lambar f, wato ma'aunin buɗin ƙofar haske, domin tana ƙaruwa ƙofar na tsukewa. Daga f/8 zuwa f/11 haske ya ragu da rabi, haka ma a saurin shota daga 1/250 zuwa 1/500 na daƙiƙa. Da mutum ya gane cewa abin da ya rage a nan sai ya mayar a can, to ya kama hanya.

Fitar da ta fi amfani ita ce ta Dutsen Dala lokacin hunturu. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai launin toka ne, saboda haka da ya ga hazo ya lulluɓe gari fari fat sai ya rage haske, hoto ya fito dishi-dishi. Waɗanda suka ƙara mataki ɗaya, wato suka ninka hasken, a kan abin da ma'aunin ya nuna su suka sauko da hotunan kirki. Haka yake yi wa farar shadda ranar Juma'a. A nan ne masu cewa otomatik ya ishe su suka yi shiru.

A marinar Ƙofar Mata rana na dukan ƙasa, shuni kuma baƙi-ƙirin a cikin rami. Dokar nan ta ɗaukar hoto a tsakar rana, wato f/16 da 1/100 a ISO 100, ta yi daidai da tsakar fili, amma hannun marini da ke tsoma zane sai da aka buɗe zuwa f/5.6 kafin shuɗin ya bayyana. Lungunan Kasuwar Kurmi kuwa duhu ne. ISO 1600 muka hau, muka haƙura da ɗan yashin da ke fitowa a hoto, tunda ya fi hoton da ya girgiza.

Bin adaidaita sahu da kyamara a 1/30, don ta fito sarai bayanta ya shafe, bai yi mana kyau ba tukuna. Akasarin hotunan komai ya shafe, har da adaidaitar. Za mu maimaita. Ɗaukar dare ma ta tsaya, saboda ƙarancin mazaunin kyamara mai ƙafa uku.

Akwai abin da kwamiti bai ji daɗinsa ba. Wasunmu suna shagala da juya lambobi har su manta da sallama. A kasuwa wani dattijo ya tare mu, kuma gaskiyarsa ce: ba a ɗora wa mutum kyamara a fuska a bakin rumfarsa ba tare da an nemi izini ba. Daga yanzu jagoran fita zai fara gaida shugabannin wuri, kuma ba a ɗaukar mata da yara sai da yarda.

Ƙura ta shiga kyamarorin aro na ƙungiya. A f/16 ɗigo-ɗigo na fitowa a sararin sama. Don Allah a daina canza gilashin kyamara a fili lokacin iska. Ma'aji zai karanta kuɗin wankinsu tare da lissafin kuɗin wata.

Baɗi za mu shiga gyaran hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a kwamfuta. Mai son shiga ya kawo hotuna biyar da ya ɗauka da hannu, kowanne da saitinsa a rubuce.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.