Tun ranar finale ɗana bai koma daidai ba

Assalamu alaikum Hajiya, ina sauraren shirinki kowane mako, yau ni ce da kuka. Daga unguwar Zariya nike rubuto miki, nan Maradi.

Ɗana na biyu shekarunshi 14, gola ne, tun yana ƙarami ba shi da zance sai ƙwallo da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, har akuyata na saida na sayo mishi takalmi da safar hannu jika 9, babanshi bai ba da ko dala ba. To ranar Asabar sunka yi finale, wato wasan ƙarshe na gasar babban hutu, a bugun penalti ƙwallo ta kuɓuce mishi ta shiga. Hajiya wai sai mai horas da su ya taso gaban jama'a yana ce mishi ragon banza, kai ka kashe mu, har ya tunkuɗe mishi kai. Mutumen ga dama ba shi da imani, yara suna zuwa da yunwa cikin rana shina zaginsu, ko ruwa bai saya musu.

Yaron ya shigo gida bai ce ma kowa komi ba, ya cusa safar ƙarƙashin katifa. Kwana 5 ke nan tuwo sai ya taɓa loma biyu ya ture, da dare ina jin shi shina juyi, jiya na leƙa na iske shi zaune cikin duhu. Ko shago bai zuwa saboda yaran unguwa na kiran shi rariya.

Ni dai gaskiya daren nan na ce mishi ashe asarar akuya na yi, amma wallahi raina ne a ɓace, kuma wace uwa ce ba ta faɗa? Babanshi ko cewa ya yi namiji bai kuka, a ƙyale shi zai warware. Na manta ban faɗa miki ba, bana zai shiga ajin BEPC, wato jarrabawar ƙarshen kwaleji, ga lakkol ta kusa komawa.

Shin in tafi in samu mai horas da su ɗin nan ne ko zan ƙara jawo ma yaron abin magana? Wata zuciyar na ce min in raba shi da ƙwallon kwata-kwata. Abin da ya fi ci min rai tun ranar bai ƙara ce min Inna ba, in na yi magana sai ya sadda kai. Ta ina zan faro mishi zance Hajiya?