Kwikwiyo ba a koya masa cizo da duka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da take yaɗuwa tsakanin matasanmu a nan Jidda, musamman waɗanda suke gadin gonaki da gidajen hutawa a bayan gari. Sun ga bidiyon karnuka suna damƙe hannun mutum a YouTube, sai su nemo kwikwiyo, su ɗaure shi da sarƙa, suna tsokanarsa da sanda har da duka, wai suna koya masa cizo.

Abin da suke gani a bidiyon wasa ne mai dokoki, wanda ya samo asali a Jamus a farkon ƙarni na 20 domin gwada karnukan kiwo, kuma tun shekarar 2019 ake kiransa IGP. Kashi uku ne: bin sawu, biyayya da kāriya, kuma ba a yarda kare ya shiga matakin farko na gasar ba sai ya kai wata 18. Mutumin da ake cizo yana sanye da hannun riga mai kauri, kuma karen da aka umarce shi ya saki ya ƙi saki fitar da shi ake yi daga gasar, komai ƙarfin damƙarsa. Wannan ɓangaren ne yaranmu ba sa lura da shi.

Masu sana'ar da wasa suke farawa. Tsumma ko guntun buhun algarara ake jan shi a ƙasa, kwikwiyon ya bi ya kama, a bar shi ya ci nasara ya tafi da abinsa. Idan ya shiga famfara, wajen wata 4 zuwa 6, lokacin da haƙoransa 28 suke zubewa 42 suna fitowa, sai a dakatar da jayayya, domin ciwon dasashi yakan sa ya tsani kamawa.

Na ga abin da tsokana take haifarwa a gonar da nake aiki kusa da Bahra. Karen maƙwabcinmu, wanda aka rene shi a haka, bai taɓa korar ɓarawo ba. Yaron da yake kawo masa ruwa ne karen ya fara ciza, saboda tsoro kawai ya sani. Da muka tambayi mai shi ko an yi wa karen rigakafin haukan kare, sai ya yi shiru, aka kwashi yaron zuwa asibiti cikin dare.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Jidda, Saudiyya