Zaɓen Jamus na 1930, ba yunwa kaɗai bace

Assalamu alaikum malam edita, barka da ƙoƙari. Na saurari shirinku na tarihi kan yadda Hitler ya hau mulki, shirin yayi daɗi amma baƙon naku ya tsaya akan cewa yunwa ce kawai tasa Jamusawa suka bi shi, toh ni a nan muka raba hanya.

Eh an sha wuya, babu musu. Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoba 1929, bankunan Amurka suka fara janye bashin da suka ba Jamus, masana'antu suka dinga rufewa, a 1930 marasa aiki sun kai miliyan 3. Amma wa ya kira zaɓen? Majalisar Reichstag a 1928 aka zaɓe ta, sai 1932 wa'adinta zai cika. Heinrich Brüning shine shugaban gwamnati, ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ƙarin haraji, majalisa tace atafau, maimakon ya zauna su daidaita da SPD, jam'iyyar ma'aikata wadda tafi kowa kujeru, sai ya garzaya wajen shugaban ƙasa Hindenburg aka zartar da abin da dokar ta ɓaci ta sashe na 48 na tsarin mulki, majalisa ta soke, Brüning kuma yasa aka rusa ta a watan Yuli. Dan Allah wane irin lissafi ne wannan, mutane ransu a ɓace ka tura su rumfar zaɓe?

Ranar 14 ga Satumba 1930 aka kaɗa ƙuri'a. Nazi, jam'iyyar Hitler, da suke da kujera 12 suka tashi da 107, ƴan kwaminis daga 54 suka koma 77. Kuma abin da baƙonku bai faɗa ba, leburorin da aka sallama a manyan birane da yawansu kwaminis suka bi, a Berlin ma su suka zo na ɗaya. Nazi sun fi kwasar ƙuri'a wajen masu ɗan abin hannu da suke tsoron rasa shi, mai ƙaramin shago, ma'aikacin ofis, da manomi irin na yankin Schleswig-Holstein a arewacin Jamus wanda yana tsaye za'a yi gwanjon shanunsa saboda bashi da haraji. Waɗannan basu manta 1923 ba, lokacin da kuɗin ajiyarsu ya zama takarda.

Bayan zaɓen ma Brüning bai sauya ba, ya cigaba da yanke albashi da tallafin marasa aiki, farkon 1932 marasa aiki sun kai miliyan 6, a zaɓen Yuli na shekarar Nazi suka samu kujera 230.

Roƙona ku ware shiri guda akan Brüning shi kaɗai, ku kawo malamin tarihi da masanin tattalin arziki, kuma a buɗe layi mu kira.

Naku mai sauraro daga Zariya