Ajin da na buɗe a zaure ni ya fara gyarawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana, musamman mu na Zamfara da rashin tsaro ya mayar malamai a cikin gidajenmu ba shiri.

A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, nan ƙaramar hukumarmu ta Talata Mafara. Da Satumba ya kama aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Sai na shimfiɗa tabarma a zaure, na shafa wa wani katako baƙin fenti, na tara 'ya'yana huɗu da na maƙwabta biyar. Tsumagiya ce abu na farko da na tanada, tun kafin in sayi alli.

Mako biyu ina fama. Ba na barci da dare, ko kare ya yi haushi sai gabana ya faɗi, gari na wayewa kuma in sauke wannan nauyin a kan yara. Wata rana autata mai shekara bakwai ta kasa cire uku daga takwas. Na daka mata tsawa, na ga allin yana rawa a hannunta har ya faɗi. Surukata tana daga soron ciki tana tsinke zogale. Da yara suka watse ta kira ni, ta ce, "'Yar nan, yarinyar ta san lissafin. Fuskarki take karantawa, shi ya sa ba ta ganin allon." Na ce, "Inna, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta ce da hannu mai sanyi ake tanƙwarawa, mai gaggawa karya shi yake yi.

Maganar ta zauna mini. Abin kunya, na san hadisan tun ina Islamiyya. Na san mutumin da ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah (SAW) aka ce masa kada ya yi fushi, aka yi ta maimaita masa. Na san an ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Na san Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10 bai taɓa jin ko "tir" daga bakinsa ba. Hadda kawai na yi, ban taɓa gwada su a kan ɗan da na haifa ba.

Ga abin da na koma yi. Bayan sallar asuba ina zama a kan darduma kamar minti goma, ba rediyo, ba labarin inda aka kai hari jiya. In yi azkar a tsanake, in bi numfashina yana shiga yana fita, in tambayi raina me ke damunsa yau. In tsoro ne, in amsa cewa tsoro ne, don kada ya rikiɗe ya zama faɗa. A aji kuma, da na ji ƙirjina ya ɗau zafi, sai in zauna ƙasa daidai tsayin yaron kafin in buɗe baki. Har yanzu nakan kuskure, amma nakan koma in ba yaron haƙuri. Da ƙwallayen tsamiya auta ta koyi ɗebewa, tana kwasa tana dariya.

Karatu a wajen aji ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ta tura jajojinta, wato matan da ta horar su koyar, ƙauyuka da malfa a ka, suna koyar da mata ta hanyar waƙoƙi, kuma dattawan mata masu natsuwa take ɗora wa wannan aiki.

Roƙona ga malamanmu masu wa'azi da shugabannin Islamiyyu: kun yi mana bayanin haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya sosai, Allah Ya saka. Ku ware zama ko ɗaya a wata na iyaye zalla, maza da mata, a koya mana yadda ake haɗiye fushi a aikace. Matan unguwarmu shida mun riga mun fara namu, duk Alhamis bayan la'asar, a zauren nan dai.

Wassalam.

Wata uwa,
Talata Mafara, Jihar Zamfara