Wasiƙar godiya ga ofishin dayosis da ke karɓar limamai baƙi a yammacin Ailan

Zuwa ga Mai Girma Bishop, da sakatariyar dayosis, da jami'ar kula da kariyar yara,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alherin Ubangiji. Mu limaman Katolika ne daga arewacin Najeriya da kan zo riƙon farish a wajenku tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da limamanku ke tafiya hutu. Mun ga ya dace mu yi godiyar nan a fili, kuma da Hausa, domin 'yan'uwanmu da za su biyo baya su san hannun da za su faɗa.

Aikinku yakan fara tun Fada baƙo bai ɗaure kayansa ba. Kuna neman takardar shaidar kyakkyawan hali daga Bishop ɗinsa kai tsaye, ofis zuwa ofis, ba wadda zai zo da ita a aljihu ba. Sai katin selebret, mai nuna an yarje masa yin Mas, da takardar 'yan sandan Najeriya, domin binciken Garda, wato 'yan sandan Ailan, bai kai adireshin Najeriya ba. Fom ɗin Garda ɗin nan shi ya fi kayar da mutane. Yana neman duk inda mutum ya taɓa zama tun daga haihuwa, ga kuma saƙon gayyatar da ke mutuwa bayan kwana 30. Sau da yawa saƙon na maƙale a akwatin tarkacen imel, Fada na can ƙauye babu intanet. Wani kuma jerin sunayensa a fasfo dabam, a takardar naɗi dabam. Ku ne kuke bugo waya kafin wa'adi ya cika, ku bi layi-layi har a gyara, ba tare da kun nuna gajiya ba.

Dokar kariyar yara kuwa kun bayyana ta ba kwana-kwana: sa hannu a rajistar ɗakin shiri kafin kowane Mas, kuma kada Fada ya kaɗaita da yaro mai hidimar bagadi, sai da wani babba a wurin. Kun kuma faɗi dalili, wato raunin da Ikilisiyar Ailan ta ji har ta kafa hukumarta ta kariyar yara ta ƙasa a 2006. Wanda ya ji dalilin ba zai ɗauka don shi baƙo ne ake sa masa ido ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne fayil ɗin da ke jiran Fada a kan teburin gidan farish. Shafin jana'iza kaɗai ya isa a gode muku. A wajenku akan binne mamaci cikin kwana biyu zuwa uku, saboda haka da mai shirya jana'iza ya bugo waya babu sauran jinkiri. Fayil ɗin ya jera komai: ziyarar iyali a ranar, addu'ar rosari da yamma inda aka ajiye gawa, tarbar akwati a ƙofar coci da ruwa mai tsarki, shimfiɗa farin mayafi da ɗora gicciye da Littafi Mai Tsarki, kayan tunawa da iyali kan kawo kafin a soma Mas, sannan gidan rosari ɗaya a bakin kabari. Har Mas ɗin cikar wata guda da na zagayowar shekara kun rubuta, kuka ja layi da jan biro ƙarƙashin gargaɗin nan: kada a manta kiran suna. Gaskiyarku ne. Iyali kan taso daga Dublin ko Ingila don jin wannan suna ɗaya, idan aka tsallake shi ba wa'azin da zai share musu hawaye. Kusa da kowane suna mai wuya kun sa yadda ake furta shi da fensir, don wa zai ce Niamh "Niv" ake karantawa, Siobhán kuma "Shivon"?

Kun faɗa mana gaskiya game da lokaci. Wanda ya saba da Mas na awa biyu da rabi, da ganga da rawar baiko ta Zumuntar Mata, dole ya koyi kammalawa cikin minti 40, wa'azi minti bakwai, a hankali, baki kusa da makirufo, domin tsofaffi da yawa daga gida suke kallo ta kyamarar cocin. Shirun jama'a ba ƙiyayya ba ce, a bakin ƙofa bayan Mas ake gane hakan.

Jerin marasa lafiyar da ake kai wa Jibin Ubangiji ranar Juma'ar farko ta wata ya zo da Eircode, wato lambar adireshin kowane gida, tunda gidajen karkara ba su da lamba a jikin ƙofa. Kuma kun haɗa Fada da wani ɗan farish da zai zauna gefensa a mota kwanakin farko, har hannunsa ya faɗa da tuƙi ta hagu a siraran hanyoyin nan masu katangar dutse.

Daga ƙasarku limaman ƙungiyar mishan ta SMA suka zo Kaduna da Jos, na ƙungiyar Kiltegan suka riƙe Minna, Agustinawa suka kafa Yola da Maiduguri. Da yawa daga cikinmu su suka yi wa iyayenmu baftisma, kuma katekis ne ya tarbe su, ya koya musu Hausa da hanyoyin ƙauyuka. Irin tarbar da kuke yi mana ke nan.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba Bishop lafiya.

Naku cikin Kristi,
Limaman arewacin Najeriya masu riƙon farish a Ailan