Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: A Koyar Da Abin Da Ya Biyo Bayan Yaƙin 'Yancin Amurka

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman Tarihi ne, kuma buƙata ɗaya muka kawo gabanka.

Tun 1979 Najeriya ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka, amma ɗalibi kan gama sakandare bai san irin wahalar da ta haifi wannan tsari ba. In ma an taɓo labarin, sai a ce mazauna yankuna 13 da Birtaniya ke mulka sun ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776, George Washington ya ci yaƙi, shi ke nan. Ranka ya daɗe, muna roƙon ka umarci hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta ware wa wannan batu darussa shida a manhajar babbar sakandare: biyu ga yaƙin, huɗu ga shekarun da suka biyo baya.

Mafarin rikicin haraji ne. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Shekara Bakwai a 1763 da bashi har wuya, sai ta ɗora wa yankunan harajin kan sarki a 1765, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. A Afrilun 1775 aka fara musayar wuta a Lexington da Concord.

Ya kamata ɗalibi ya gane cewa ba yawan nasara a fagen daga ne ya ba su galaba ba. An ƙwace New York daga hannun Washington a 1776, aka ƙwace Philadelphia a 1777. Dabararsa ita ce kada rundunar ta watse, domin kowane soja da kowace gangar albarushin Birtaniya sai sun ƙetare teku mai nisan kusan mil 3,000. A sansanin Valley Forge, cikin hunturun 1777 zuwa 1778, cuta da yunwa sun kashe masa kusan mutum 2,000, amma ragowar sun tsaya har Baron von Steuben, wani hafsa Bajamushe, ya koya musu fareti da faɗa da banati. A Oktoban 1777 Janar Burgoyne na Birtaniya ya miƙa wuya a Saratoga da mutum kusan 6,000, wannan ne ya sa Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurkawa a Fabrairun 1778. A Yorktown kuwa, jiragen ruwan Faransa ƙarƙashin de Grasse ne suka toshe mashigin Chesapeake, Janar Cornwallis na Birtaniya ya rasa ɗauki ya rasa mafita, ya sallama ranar 19 ga Oktoba 1781. Yarjejeniyar Paris ta 1783 ta kai iyakar sabuwar ƙasar har Kogin Mississippi.

To, daga nan ne darasin da ya fi shafarmu ya fara.

Dokar haɗin gwiwa da jihohin suka amince da ita a 1781 ba ta ba majalisar tsakiya ikon karɓar haraji ba. Sai dai ta roƙi jihohi, wanda ya ga dama ya biya. Babban hukunci sai jihohi tara cikin 13 sun yarda, gyaran dokar kuwa sai duka. Da aka nemi harajin kashi biyar cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su, ƙaramar jihar Rhode Island ita kaɗai ta kashe maganar a 1782. Kuɗin takarda da aka buga don yaƙi, sama da dala miliyan 200, ya lalace har majalisa ta yarda a 1780 a riƙa karɓar dala 40 ta takarda a madadin ɗaya ta azurfa. Hafsoshin da ba a biya ba sun kusa yin bore a Newburgh a Maris 1783, Washington ne ya kwantar da su, kuma a Disamban shekarar ya mayar wa majalisar farar hula takardar muƙaminsa ya koma gona. Muna ganin ɗalibin Najeriya, wanda ƙasarsa ta sha juyin mulki, ya cancanci cikakken darasi kan wannan rana guda.

A 1786 manoman Massachusetts, da yawansu tsofaffin sojoji irin su Daniel Shays, suka rufe kotuna saboda ana ƙwace gonakinsu kan bashi da haraji. Gwamnatin tsakiya ba ta da kuɗin tara runduna, 'yan kasuwar Boston ne suka yi karo-karo. Tsoron wannan ya ƙara tura wakilai 55 zuwa Philadelphia a 1787, inda suka rubuta sabon tsarin mulki. Manyan jihohi sun nemi wakilci bisa yawan jama'a, ƙanana sun nemi daidaito, aka raba gardama da majalisa biyu. Nan ne asalin sanatocinmu uku-uku daga kowace jiha da kujeru 360 na Majalisar Wakilai. Aka ba tarayya ikon haraji, sannan a 1790 sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya sa ta ɗauki bashin yaƙin jihohi.

Kada kuma a ɓoye wa yara waɗanda aka bari a waje. Ƙidayar 1790 ta nuna mutum kusan miliyan huɗu, kusan 700,000 daga cikinsu bayi. Wajen rabon kujeru tsarin mulkin ya ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku, ya kuma hana majalisa haramta shigo da bayi kafin 1808. Ƙabilun Iroquois 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ƙona garuruwansu kusan 40 a 1779, ba a ko ambace su a yarjejeniyar Paris ba. Bayin da suka gudu zuwa ɓangaren Birtaniya saboda alƙawarin 'yanci, kimanin 3,000 aka kwashe daga New York a 1783, akasari zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau, inda aka riƙa yi musu jan ƙafa kan filayen da aka alkawarta. A 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka hau jiragen ruwa 15 suka kafa Freetown a Saliyo. Wato ƙarshen wannan labari a Afirka ta Yamma ya sauka.

Ranka ya daɗe, don darussan su yi amfani, a ba kowane aji taswirar yankunan 13, a fassara sassan tsarin mulkin 1787 kan haraji da wakilci zuwa Hausa, Yarbanci da Ibo, a ajiye su gefe da gefe da takwarorinsu na tsarin mulkinmu na 1999. A kuma nemi NECO da WAEC su riƙa tambayar dalili maimakon haddar shekaru, misali me ya hana majalisar 1781 biyan sojojinta. Muna fatan a shigar da wannan kafin a buga littattafan zango mai zuwa.

Wassalam.

Wasu malaman Tarihi na makarantun sakandare