Wasiƙa zuwa ga Sabi'u: sun sa hannu ba mu sani ba

Tudun Wada, Kaduna
16 ga Fabrairu, 2025

Aminina Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman Hanifa da yaran duka. Ya Fatakwal, ya baƙin hayaƙin nan naku da ke sauka kan shanya? Mu nan sanyi ya fara ja da baya, sai ƙura da tari. Na ga kiranka biyu ranar Laraba, ka yi haƙuri, ina cikin kanti. Ka san dokar ba ta canza ba tun tafiyarka: a gan ka da waya a hannu, a yanke maka dubu biyu. Maganar kuma ba ta minti uku ba ce, shi ya sa na zauna rubutu yau da nake hutu.

Ka tambaye ni yadda aka ƙare da batun ƙarin albashi. An ƙare, Sabi'u. An ƙare ba tare da mu ba.

Bari in ɗauko maka daga farko. Ka tuna tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda ya sake numfashi da kyau. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura dubu a ƙarshen bara. Kuɗin keke daga Tudun Wada zuwa wurin aiki, zuwa da dawowa, yanzu yana cin abin da a da nake cefanen kwana biyu da shi. Da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tafi yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi a watan Yunin 2024, har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, mu ma muka sa rai. Sun sauko daga naira 494,000 zuwa 250,000, daga ƙarshe aka tsaya a 70,000, shugaban ƙasa ya sa hannu a watan Yuli. Gwamna Uba Sani kuma ya ce na ma'aikatan jiharsa 72,000. Dokar ta ɗauke wa duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, to mu kuwa a reshenmu kaɗai mun kusa tamanin. Saboda haka muka ce wannan karon babu gudu.

A watan Oktoba muka zauna a bayan sito, gefen janareta, bayan an tashi. Ni na riƙe biro. Abin da ya ba ni mamaki, albashin ma ba shi ya fi ɗaukar lokaci ba. Abin da ke cin ran mutane shi ne yanke-yanke. Kashiya, mai karɓar kuɗi, ta wuni tsaye tun takwas na safe, da dare a lissafa a ce kuɗinta sun yi giɓi, a cire a albashinta, babu bincike, babu duba kyamara, ko da POS ne ya cire kuɗin mai saye bai nuna ba. Mu 'yan kanta kuma in madara ko yogot ya lalace saboda an kashe janareta don tattalin dizal, a kanmu ake rabawa. Ka tuna watan da aka yanke maka kuɗin katan ɗin man gyaɗa da ba kai ka fasa ba? To abin ya ninka. Sai maganar obataim, wato kuɗin aikin da ya wuce lokacin tashi, da motar da za ta kai mata gida in an tashi goma na dare, don akwai masu zuwa har Rigasa da Sabon Tasha da Mando. Sai kujerar zama ga masu karɓar kuɗi, kujera kawai. Sai kuma babba: 'yan kwantiragi. A cikinmu, masu takardar ɗaukar aiki ta kamfani ba mu kai talatin ba. Sauran duk ta hannun ɗan kwangila suka shigo, riga ɗaya muke sawa, kwali ɗaya muke ɗauka, amma su babu fansho, babu hutun shekara, wani ya shekara huɗu a haka. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Akwai yaran da ba su taɓa ganin ko fallen takarda ba.

Shafi biyu na cika. Muka danƙa wa ciyaman ɗin ƙungiyar ƙwadagonmu na reshe, shi kuma ya kai ofishin ƙungiya na jiha. Daga nan shiru. Nuwamba, in ka tambaya, ana kan magana. Disamba, wai lokacin ciniki ne, a bari a fita Kirsimeti. Janairu, wai an tafi hedkwata. Wa ya tafi? Su wa ke zaune a teburin? Me kamfani ya ce, me aka mayar masa? Babu wanda ya dawo ya faɗa mana ko sau ɗaya. Amma kuɗin ƙungiya bai taɓa yin latti ba, tun daga tushe ake cire shi kafin albashi ya faɗo maka. Ni kuwa a sanina wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar Talata ta makon jiya wani ya turo hoto a zauren WhatsApp ɗinmu. Mutum shida cikin wani otal, ana musabaha, ana murmushi, ga takarda a tsakiya. Biyu na gane, ciyaman ɗinmu ma ba ya ciki. A ƙasa an rubuta wai nasara ta samu. Haka muka ji labarin yarjejeniyar da za ta ɗaure mu shekara uku.

Ranar Alhamis jami'in ƙungiya na jiha ya zo yi mana bayani. Ya iso da mota mai sanyi, ya yi kirarin nan nasu na Turanci, ya ɗaga hannu, mutum biyar suka amsa. Sannan ya karanto. Mafi ƙarancin albashi ya zama 72,000, aka ɗan tafa. Sai Malam Iliya na ɓangaren nama, ka san shi da lissafi, ya ce a karanto yadda aka tara kuɗin. Ashe alawus ɗin mota da na abinci da na gida da muke karɓa daban duk an tattara su an zuba cikin albashin, sannan aka ɗora ɗan abin da zai cike 72,000. Ni da na lissafa nawa, bayan an cire kashi 8 na fansho da kuɗin ƙungiya, abin da ya ƙaru a hannuna bai kai dubu tara ba. An ɗauko daga aljihun dama an sa a na hagu, an ce mu yi godiya. Batun giɓi, wai za a kafa kwamiti. Obataim, kwamiti. Motar dare, in hali ya yi. 'Yan kwantiragi ko sunansu babu a takardar, wai su ba ma'aikatan kamfanin ba ne, balle su zama 'yan ƙungiya. Abin da aka samo mana a fili shi ne riguna biyu sababbi da ƙaramin buhun shinkafa a Sallah da Kirsimeti. Sai wani layi a ƙasa, wanda sai da aka matsa ya karanta, cewa babu yajin aiki muddin yarjejeniyar na aiki.

Nan Anti Rahila ta miƙe. Kai ka san ba ta da hayaniya, shekara goma sha ɗaya tana kan na'ura ta uku. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. A cikin waɗanda suka zauna a madadinmu, wane ne ya taɓa tsayuwa awa tara yana karɓar kuɗi?" Ta ɗan ɗaga zanenta ta nuna masa ƙafarta a kumbure. Wallahi wurin ya yi tsit, sai ƙarar firij. Ya ce shi ya shekara ashirin yana gwagwarmaya. Ta ce ba ta musa ba, amma ba shi ta tambaya ba. Da muka nemi a ba mu kwafin yarjejeniyar, ya ce takardar uwar ƙungiya ce. Takardar da ke ɗauke da albashina, ni ban isa in riƙe ta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai lokacin da suka zaɓa ne. Yau muna tsakiyar Sha'aban, azumi saura mako biyu. Kai ka yi aikin nan, ka san abin da kanti ke zama a makon shiga azumi: sukari, madara, dabino, taliya, man girki, layi har bakin ƙofa, tirela na sauke kaya cikin dare. A duk shekara wannan ne lokacin da manaja ke sanin sunan kowa. Da sun ja maganar kwana goma kacal, ko yajin ba a yi ba, jin ƙishin-ƙishin ɗinsa kaɗai ya isa a samo mana motar dare da batun giɓi. Sai suka miƙa sandar tun kafin a ga macijin. Ko dai ba su san kalandar kanti ba, ko sun sani. Ban san wanne ya fi muni ba.

Yanzu maganar da ke yawo ita ce an ba su ambulan. Ni ban gani ba, kuma ba zan ɗauki alhakin kowa ba ga azumi na tafe. Zan ma faɗi gaskiya game da ciyaman ɗinmu, duk da yaran sun daina gaishe shi. Shi ma ma'aikaci ne kamar mu, 'ya'yansa shida, takarda ɗaya ta isa a cilla shi wani reshe a wata jiha. Na same shi a masallaci bayan la'asar, ya rantse mini shi ma a hoton ya gani. Ya kuma faɗi wata magana mai ɗaci da ban iya musawa ba: in mu talatin muka fita, su hamsin ɗin kwantiragi za a ce su buɗe kanti, in sun ƙi, akwai masu digiri a bakin get da takardunsu a leda. Na yarda ƙarfinmu kaɗan ne. To amma ai shi ya sa muka sa batun 'yan kwantiragi a gaba, kuma shi aka fara jefarwa. In ka san ba za ka iya samo mini abu ba, dawo ka gaya mini, mu yanke tare ko mu karɓa ko mu ƙi. Ko da wannan takardar ce ɗin, da an kawo ta gabanmu an ce ga iyakar abin da ya samu, ku ɗaga hannu, mai yiwuwa da mun amince. Da kuwa tamu ce.

Na kai wa Baba ƙorafin ranar Juma'a. Ka san shi da labarin Kakuri, shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa. Ya fara tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL zamanin Sardauna, ya bi ta masaƙun Arewa da UNTL, yadda in an tashi aiki kekuna ke cika titi ba masaka tsinke. Ya tuna mini Adams Oshiomhole a nan Kaduna ya fara, ma'aikacin masaƙar Arewa, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci NLC daga 1999, daga baya ya yi gwamnan Edo. Na ce Baba, ai wannan tarihi ne, masaƙun ma sun mutu. Ya ce ba masaƙa yake ba ni labari ba. A zamaninsu, in ji shi, wakili in ya fito daga ofishin manaja, kan benci yake hawa a bakin get ya faɗi abin da aka ce, in bai yi wa mutane ba su yi masa ihu ya koma. Sai ya tambaye ni, "Ku yaushe rabonku da zaɓe?" Na yi shiru. Shekara shida ke nan, tun kana nan. "Taron wata-wata fa, kana zuwa?" Nan ma shiru. Kai ma shaida ne, in aka kira taro mu biyun nan wurin mai shayi muke zarcewa. Tsohon bai ƙara komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa, ni kuwa na taso jikina a sanyaye.

Wasu cikin samarin sun ce mu rubuta takardar fita, a daina cire mana ko sisi. Na fahimce su, amma ban bi su ba. Ranar da muka fita, manaja ne zai fi kowa barci mai daɗi. Ka tuna 2021, da NLC ta tsayar da Kaduna cak a watan Mayu kan korar ma'aikata zamanin El-Rufai, babu wuta, babu jirgin ƙasa, bankuna a rufe? Ko me mutum zai ce game da yadda aka ƙare, ranar na ga abin da taron ma'aikata ke iya yi. Ba na son in jefar da wannan don haushin mutum shida a otal.

Ga inda muke yanzu. Mun fara tara sa hannu, mun kai ashirin da uku, muna neman abu biyu: kwafin yarjejeniyar, da zaɓen reshe bayan Sallah. Ni da Anti Rahila da Malam Iliya muke zagayawa, kuma abin da ya faranta mini, babu wanda ya kawo zancen wane ɗan Tudun Wada ne, wance 'yar Sabon Tasha ce, duk da an so a jefa mana wannan. In sun hana mu takardar, za mu je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mu nemi a shiga tsakani. 'Yan kwantiragin kuma muna rubuta sunayensu da ranar da kowa ya fara aiki, a ɓoye, don in ɗan kwangilar ya ji, washegari babu su.

Sannan ga wadda ta hana ni barci. Suna so in tsaya sakataren reshe. Hadiza ta ce sam, ga haya a watan Afrilu, ga cikinta ya tsufa, in aka kore ni wa zai riƙe mu? Ba ta yi ƙarya ba. Sufabaiza ma ya fara kirana Kwamared a gaban mutane yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni kuma tsoron da nake ji biyu ne: kada a kore ni, kada kuma nan da shekara uku a ga hotona ina musabaha.

Kai da ka ga yadda ake yi a wurinku, ka ba ni shawara tsakaninka da Allah, kada ka lallashe ni. Ka ce mini a kamfaninku sai an kaɗa ƙuri'a kafin wakilai su sa hannu. A kundin ƙungiyar aka rubuta haka, ko al'ada ce kawai? In a rubuce yake, ka ɗauko mini hoton shafin ka turo kafin Asabar, don ranar za mu sake zama a bayan sito.

Inna tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga busasshen kifin da ka yi mata alkawari ba. Ka gaida Maman Hanifa, ka shafa mini kan yara. In za ka kira, bari sai bayan sha ɗaya na dare.

Naka,
Lawal